Tsaron Gida Daga Ɓarawo Da Gobara: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan jawabi ne domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai, su kuma su isar da shi ga dagatai da masu unguwanni, har ya kai kunnen kowane mai gida. Maganar da ke cikinsa ta shafi maƙiya biyu masu shiga gida ba sallama, watau ɓarawo da gobara. Kowa ya san su. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, sau da yawa dabarar da mai gida ya yi don ya tare ɓarawo, ita ce kan ba gobara dama ta hallaka iyalinsa. Ƙarfen da aka kafa a taga don kada a shigo, shi ne kuma kan hana yaro fita ran da ɗaki ya cika da hayaƙi. Saboda haka gindin maganar ɗaya ne: gida ya zama mai wuyar shiga daga waje, mai sauƙin fita daga ciki, ya kuma zama da abin da zai ta da masu barci tun da sauran lokaci.

Yadda Aka Saba Tsaro A Da

Tsaron gari tsohon al'amari ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwar birnin, waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta faɗaɗa ta. Kowace ƙofa da sarkin ƙofarta, in dare ya yi a rufe, ba mai shiga sai an san shi. Haka kuma gida: katanga ta kewaye shi, ƙofa ɗaya ce ta zaure, baƙo iyakarsa nan. Wanda ya zo gari zai kwana, sai an kai shi wurin mai unguwa an san daga inda ya fito da abin da ya kawo shi.

Yanzu garuruwa sun tsallake ganuwa, gidajen haya sun yi yawa, mutum ya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Gini ma ya sake. Soron ƙasa mai rufin azara, wanda wuta ba ta saurin cin sa, ya ba da wuri ga bulo da kwano da silin, cikin ɗaki kuwa ga katifar soso, ga labule, ga wayoyin lantarki, ga tukunyar gas, ga janareta da jarkar fetur. Ikon hakimi shi ma ya sake, gama 'yan doka sun daɗe da komawa cikin 'yan sandan ƙasa, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ɗauke sauran harkar mulki daga hannun En'e. Amma akwai abu biyu da suka rage a hannunsa: ya san ƙasarsa lungu-lungu, kuma in ya yi magana ana ji. Aikin da za a ambata a nan ba ya bukatar fiye da haka.

Halin Wuta

Wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu: abin ƙonawa, da zafi, da iska. In aka raba ta da ɗaya daga cikinsu sai ta mutu. Ruwa yana kashe ta ne domin yana ɗauke zafi, yashi da bargo kuwa domin suna toshe mata iska. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, busasshiyar iskar hamada takan tsotse laima daga jinka da darni da zana da katako, ga kuma jama'a na neman ɗumi cikin ɗakuna. Shi ya sa gobara ta fi yawa a wannan lokaci.

Wajibi ne a san saurin wutar ɗakin zamani. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna cewa a wajen 1975 mutum kan sami kimanin minti 17 na tsira bayan wuta ta kama a gida, amma da kayan ɗaki na yanzu, waɗanda galibinsu soso ne da roba, lokacin ya ragu zuwa kimanin minti 3. Har wa yau, yawancin waɗanda ke mutuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke kashe su tun harshen wuta bai taɓa su ba. Hayaƙi ba ya ta da mai barci, sai ma ya ƙara nauyaya masa barcin, domin a cikinsa akwai wata guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce kuma ke fita daga garwashin kasko da salansar janareta. Iyalin da suka rufe ƙofa da taga suka kwanta da kaskon wuta, ko suka ta da janareta a cikin soro don tsoron kada a sace shi, suna iya kwanawa ba su tashi ba, alhali ko tsinke bai ƙone ba.

Inda Gobara Ke Tasowa

Na farko, lantarki. Mafi yawan haɗarinsa daga ɗaukewa da kawowa ne: a jona hita cikin bokiti ko a kunna dutsen guga, a ɗauke wuta, mai abin ya manta ya fita kasuwa ko ya yi barci, sa'an nan a kawo wuta ba kowa a wurin. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: da zarar an ɗauke wuta a bi a kashe kome, a zare daga bango. Soket ɗaya an yi shi ne don ɗaukar kimanin wat 3,000, hita ko dutsen guga kuwa kowanne kan ci wat 1,000 ko fiye, saboda haka tara su a baki ɗaya yana sa waya ta yi zafi har ta narke. Siririyar waya mai araha, da ɗaura ƙarfe a madadin fiyus, da jan wuta ta bayan mita, duk kiran gobara ne. Wuta kuwa in ta shiga silin, ta cikinsa take bi daga ɗaki zuwa ɗaki ba wanda ya gani.

Na biyu, gas na girki. Ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, ya taru a kusurwa yana jiran tartsatsi. Kamfanoni suna sa masa wari da gangan don a gane yoyonsa. Wanda ya ji warin kada ya ƙyasta ashana, kada ya taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa. Ya rufe kan tukunyar, ya buɗe ƙofofi da tagogi, ya fitar da mutane. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu: a shafa a tiyo da mahaɗinsa, inda kumfa ta taso nan ne ɓarakar. Tukunya ta zauna a tsaye, a wuri mai iska, nesa da murhun itace.

Na uku, fetur. Tururinsa shi ma ƙasa yake bi, yana iya tafiya ya tarar da fitila a wani ɗaki, wuta ta biyo shi ta dawo kan jarka. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru ɗibar fetur, ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu. Aikin fetur ke nan a fili, balle a ɗaki rufe. Kada a ajiye shi inda ake kwana, kada a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi. Janareta ya zauna a sarari, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga. Wanda ke tsoron sata ya yi masa kejin ƙarfe mai iska ya sa kwaɗo.

Na huɗu, ƙananan wutar da aka raina: kyandir kusa da labule, maganin sauro na kunnawa a gefen katifa, guntun taba, tokar da aka kwashe da sauran rushi aka zuba gindin darni, da wutar daji da mafarauta ko masu sharar gona suka saki ta nufo rumbuna.

Ƙarfen Taga Da Kwaɗo

A nan ne ya kamata hakimai su fi tsayawa. Mai gida da ya sha sata, ko ya ji an yi wa maƙwabcinsa, yakan kira mai walda ya sa ƙarfe a kowace taga, a binne shi cikin siminti, ya ƙara ƙyauren ƙarfe a bayan na katako, ya ɗaura kwaɗo biyu ko uku, sa'an nan ya sa makullan a aljihu ko ƙarƙashin matashi. Ga ɓarawo wannan shamaki ne, amma ran gobara kurkuku ne. In wuta ta tashi a falo, ko a hanyar da ke tsakanin ɗakuna da ƙofa, to, hanya ɗaya tak da ake da ita ta toshe. Maƙwabta su taru a waje da guduma suna dukan ƙarfen da aka yi musamman don kada ya karye, na ciki kuwa minti ukunsu na ƙarewa. Mafi muni shi ne kulle yara ko mata daga waje a tafi unguwa da makulli.

Ba a ce a cire ƙarfe ba, gama sata gaskiya ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ake nema gyara ne kaɗan. Kowane ɗakin kwana ya zama da taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗewa kamar ƙyaure, da sakata daga ciki inda hannun na waje ba ya kaiwa, faɗinta kuma ya isa babban mutum ya fita. Kowane mai walda zai iya wannan, bambancin kuɗin kuma kaɗan ne. In kwaɗo aka sa mata, makullinsa ya rataya a ƙusa kusa da ita, ƙasa-ƙasa inda yaro mai wayo zai kai, kowa a gidan ya san wurin har ya iya lalubo shi cikin duhu. Ƙofar fita da dare sakata ta fi mata kwaɗo, domin sakata ba ta ɓata, ba a neman ta. Gidan da ke da sassa da yawa a bayan zaure ɗaya ya kamata a fitar masa da ƙofa ta biyu ta baya, mai ƙarfi, wadda ake buɗewa daga ciki kaɗai. Wanda zai yi sabon gini ya tsara wannan tun ran gini, tun ran zane.

Na'urorin Gargaɗi

Tun da lokacin tsira kaɗan ne, babu abin da ya kai farkawa da wuri daraja. Akwai wata 'yar na'ura mai jin hayaƙi, girmanta bai wuce faifai ƙarami ba, tana aiki da batir, ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Wani Ba'amurke, Duane Pearsall, shi ne ya ƙera irin ta gida mai batir a 1965. In hayaƙi ya shiga cikinta sai ta yi ƙara mai tsanani wadda ke ta da mai nauyin barci. Lissafin da aka yi a Amurka ya nuna haɗarin mutuwa a gobara yana raguwa da kimanin rabi a gidan da ke da ita tana aiki. A silin ake kafa ta, domin hayaƙi sama yake fara tashi, a ɗakin kwana da hanyar da ke tsakanin ɗakuna, amma a nisanta ta da wurin girki kamar mita 3, don kada ta riƙa kuka a banza har a gaji a cire mata batir. A danna maɓallinta sau ɗaya a wata a ji ko tana da rai, a kakkaɓe mata ƙurar hunturu, a sake ta bayan shekara 10.

Ƙararrawar ɓarawo ta girme ta. A 1853 aka ba Augustus Pope na Amurka takardar mallakar fasahar wata ƙararrawa mai lantarki da ke bugawa in an buɗe ƙofa ko taga, Edwin Holmes ya saye ta a 1857 ya shiga sayar wa masu gidaje. Ta yanzu ma a kan wannan dabara take: maganaɗisu a jikin ƙyaure, ɗan'uwansa a jikin bango, in an raba su sai jiniya ta tashi. An ƙara mata wani ido mai jin ɗumin jikin mutum in ya gitta, waɗansu kuma ana sa musu layin waya su aika wa mai gida saƙo duk inda yake. Akwai fitilar sola mai kunna kanta in ta ji motsi, akwai kyamarar tsaro mai ɗaukar hoto dare da rana. Amma a sani kyamara shaida ce kawai, ba ta riƙe hannun ɓarawo, kuma duk na'urar da ta dogara ga lantarki kaɗai, ba batir ba sola, ta kwanta ke nan da zarar an ɗauke wuta. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da na'urar hayaƙi, da sakata mai kyau, da haske a ƙofar gida. Kare da usur su ma har gobe suna da amfani.

Maƙwabta Da 'Yan Sintiri

Ƙararrawa kira ne, in ba mai amsawa aikin banza ta yi. Gobara kuma ba ta san iyakar gida ba. A ran 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a birnin Landan, ta yi kwana 4 tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000, domin gidajen katako ne a manne da juna, lungunan kuma ƙunci gare su. Bayan haka hukuma ta tilasta gini da tubali da dutse. A nan gida, gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban rumfuna, kasuwannin Sakkwato da Katsina kuma suka ƙone a farkon 2021. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai kowa ya shafa wa nasa ruwa. Motar 'yan kwana-kwana tana bukatar hanya, wanda ya ci lungu da gini ko ya tare shi da rumfa ya jawo wa unguwa duka haɗari.

Wajen sata kuwa, da ɗan gari akan ci gari. Ɓarawo kan fara neman labari: wa ya sayar da shanu, wa ya yi tafiya, wane gida ne ba namiji. Riƙe baki da sanin wanda aka ba haya ko aka ɗauka aiki suna cikin tsaro. 'Yan sintiri suna da amfani in mai unguwa ya san kowannensu, an rubuta sunayensu, ofishin 'yan sanda kuma ya san da su. Iyakar aikinsu su gani, su yi kururuwa, su kama, su miƙa wa hukuma. A watan Maris na 2025 aka tare waɗansu mafarauta matafiya 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo bisa zato, aka kashe mutum 16 ba bincike ba shari'a. Abin da ya yi zafi da aka yi wa na gida, kada a bari a yi wa baƙo a ƙasar kowane hakimi.

In Wuta Ta Tashi

A fara da kururuwa da fitar da mutane, kaya su biyo baya in da hali. A cikin hayaƙi a yi rarrafe, domin iska mai kyau ƙasa take. A taɓa ƙyaure da bayan hannu kafin a buɗe, in da zafi a nemi wata hanya. Wanda ya fita ya ja ƙofa a bayansa, gama rufaffiyar ƙofa tana rage wa wuta iska. A taru a wuri ɗaya da aka sani tun da, a ƙidaya kowa, kada wanda ya fito ya koma. A kira 'yan kwana-kwana tun da fari, kada a jira sai abin ya gagara. Lamba 112 kyauta ce a jihohin da aka buɗe cibiyarta.

Kada a watsa ruwa ga wutar lantarki sai an kashe babban makunni na wajen mita. Kada a watsa shi ga man girki ko fetur, domin lita ɗaya ta ruwa tana zama tururi kimanin lita 1,700, ta yi tsalle da man tana watsa wuta. A rufe tukunya da murfi, fetur kuwa a zuba masa yashi. Jar tukunyar kashe wuta mai hoda tana ƙarewa cikin ƙasa da rabin minti, saboda haka gindin wutar ake nufa da ita, tun tana ƙarama. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima. Ƙuna a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi har minti 20, ba man goge baki, ba ƙwai, ba gishiri, sa'an nan a kai asibiti.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

1. Kafin shigowar hunturu hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni a karanta musu wannan jawabi, a kuma yi shela a kasuwa da wuraren taruwar jama'a. Mata su ne a bakin murhu, lalle saƙon ya shiga cikin gida.

2. Ya kira shugabannin masu walda da magina da masu aikin waya, ya nemi alkawarinsu cewa duk wanda ya ba su aikin ƙarfen taga za su nuna masa irin mai buɗewa daga ciki.

3. Ya fara da gidansa. In an ga na'urar hayaƙi da bokitin yashi a zauren hakimi, dagaci ba zai jira a gaya masa sau biyu ba.

4. Malami ya buɗe littafi na musamman. Kowace gobara da kowace fasa gida a rubuta ranarta, da sa'arta, da unguwa, da sanadi in an tabbatar, da hasarar rai da dukiya. Abin da ba a tabbatar ba a bar gurbinsa, kada a cika da zato. Bayan shekara littafin da kansa zai nuna wace unguwa da wane wata ne suka fi bukatar kulawa, kuma da shi hakimi zai yi magana gaban majalisar sarki da ƙaramar hukuma.

5. A cikin littafin a jera rijiyoyi da famfunan burtsatse da kududdufan da ba sa ƙafewa, da hanyoyin da babbar mota za ta iya bi, da lungunan da aka toshe. A rubuta lambobin wayar 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da asibiti mafi kusa, a gwada su a tabbatar suna shiga, a manna a ƙofar kowane mai unguwa.

6. A ƙauyuka a share ciyawa kewaye da rumbuna, a nisanta tarin kara da harawa daga ɗakunan kwana.

7. A sa ido kan makarantun allo da na kwana da gidajen haya, inda mutane da yawa ke kwana a bayan ƙofa ɗaya. Kada a kulle ɗakin almajirai ko na 'yan makaranta daga waje da dare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dukiyar da ɓarawo ya ɗauka ana iya mayar da ita, ɗakin da ya ƙone ana iya sake gina shi, rai kuwa ba shi da madadi. Hakimin da ya sa aka gyara taga ɗaya a kowane ɗakin kwana na ƙasarsa kafin hunturu mai zuwa ya yi wa talakawansa babban aiki. Allah ya kiyaye gari da mutanensa, amin.